Layin 11 kV da ya ƙi shiga kulle: nazarin saitin rilen sake rufe bireka

Yawancin matsalolin da ke afka wa layin wuta na sama masu wucewa ne. Tsawa ta sauka ta tayar da tartsatsi a kan insuleta, iska ta kaɗa wayoyi biyu su sumbaci juna, reshe ya goga ya wuce. Kusan kashi 80 cikin 100 na matsalolin layin sama irin waɗannan ne, kuma da an ɗauke wuta na ɗan lokaci tartsatsin zai mutu, layin ya koma garau. Saboda haka ake sa rilen sake rufewa, wanda ke da lamba 79 a tsarin lambobin IEEE C37.2. Aikinsa biyu ne: ya mai da bireka idan matsalar ta wuce, ya haƙura ya kulle, wato ya bar birekar a buɗe, idan ba ta wuce ba. Kowa na lura da aikin farko domin shi ne mai dawo da wuta. Na biyun kuwa ya rataya a kan saiti guda da ba a cika waiwaya ba, wato lokacin mantuwa: tsawon lokacin da rile zai jira bayan ya rufe bireka kafin ya ɗauka cewa layi ya warke, ya share ƙidayar rufewar da ya yi ya koma sifili.

Layin da saitinsa

Mu ɗauki layi mai 11 kV, mita 50 Hz, tsawonsa kilomita 18 a sama, da guntun kebul na ƙarƙashin ƙasa mai mita 600 a bakin tasha. Birekarsa mai bakyum ce, wato tana katse wuta a cikin kwalba marar iska, sifirin ke rufe ta, ƙaramin moto mai amfani da batirin tasha na 110 V ke ɗaure sifirin ɗin cikin sakan 8. Jerin aikin da aka rubuta a farantinta shi ne O – 0.3 s – CO – 15 s – CO, ma'ana ta buɗe, bayan sakan 0.3 ta iya rufewa ta sake buɗewa, sannan sai ta huta sakan 15 kafin ta maimaita. CT ɗinsa, wato taransifomar da ke rage karant domin rile ya auna, 400/1 ne.

Kariyar matsalar ƙasa mai jinkiri, 51N, an sa ta a 40 A, a kan lanƙwasar IEC ta yau da kullum, wadda ke rage jinkiri gwargwadon girman karant, da TMS 0.3, wato adadin da ake ninka jinkirin da shi. Akwai kuma kariyar SEF mai jin ƙaramin karant da ke zuba ƙasa, an sa ta a 8 A da tsayayyen jinkiri na sakan 10, kuma idan ta yi aiki kai tsaye take kai rile kulle ba tare da sake rufewa ba. Kariyar karant mai yawa tsakanin wayoyi, 51, tana 360 A da TMS 0.2. Rilen 79 kuwa an ba shi damar rufewa sau biyu: jira na farko sakan 2, na biyu sakan 15. Lokacin mantuwa sakan 5. Hanin sake rufewa bayan ma'aikaci ya rufe da hannu, shi ma sakan 5.

Idan aka duba kowane saiti shi kaɗai, babu wanda ke da aibu a fili. Aibun yana tsakaninsu.

Abin da ya faru

Bayan ruwan sama, insuleta ɗaya a wajen kilomita na 14 ta tsage. Falwayar ta siminti ce, ƙarfen da ke ɗauke da insuletoci an haɗa shi da wayar ƙasa, sai karant ya samu hanya daga wayar layi zuwa sandar ƙasa da ke gindin falwayar. Sandar ba ta da kyau. Tsakanin waya ɗaya da ƙasa a layin 11 kV akwai 6,350 V, turjiyar hanyar gaba ɗaya kuma ta kai kimanin om 122, don haka karant ɗin da ya gudana 52 A ne kacal. Wannan bai kai ko kashi ɗaya cikin uku na lodin da layin ke ɗauka ba.

Bireka ta faɗi, wato ta buɗe. Bayan sakan 2 ta rufe. Bayan sakan 8 ta sake faɗuwa, bayan sakan 2 ta sake rufewa. Haka ta yi ta yi, zagaye ɗaya kowane sakan 10, sau 6 a minti, har na tsawon minti 20. Kimanin faɗuwa 120 ke nan. A ƙarshe allon rile ya nuna kulle, layi ya mutu.

Ma'aikacin da ya zo ya danna rufewa, bireka ba ta motsa ba. Alamar sifirin na nuna a sake yake, ɗakin injin birekar kuma na warin ƙonewa. Ya ɗaure sifirin da hannu ya rufe, bayan sakan 8 ta faɗi, rile ya sake shiga kulle. Daga nan aka tura masu bin layi, suka tarar da insuletar a tsage, ƙasar gindin falwayar ta bushe ta daddare alhali kewayenta jiƙe yake.

Bin diddigi

Zato na farko ya tafi kan rilen hana maimaici, 52Y. Wannan ƙaramin rile ne a cikin da'irar rufewa: idan umarnin rufewa ya maƙale, bireka ta rufe a kan matsala ta faɗi, shi ke katse hanyar kwayil ɗin rufewa har sai an saki umarnin. In ya lalace ko aka tsallake shi da waya, bireka za ta dinga rufewa da buɗewa da zarar sifirin ya ɗauru. Zaton na da dalili, amma gwaji ya kore shi. An ware birekar, aka riƙe umarnin rufewa, aka ba da umarnin buɗewa, ta buɗe ta tsaya. Ƙari a kan haka, kundin aukuwa na rile ya nuna kowace rufewa da umarninta daban daga 79, sakan 2 cif bayan kowace faɗuwa.

Kundin ne ya fallasa komai. Layuka huɗu ke maimaituwa: bireka ta rufe, bayan sakan 5, 79 ya koma sifili, bayan ƙarin sakan 3, 51N ya kayar da bireka, 79 ya fara rufewa ta ɗaya. Ko sau ɗaya ƙidayar ba ta kai biyu ba. A idon rile, layin ya gamu da matsaloli 120 mabambanta, kowacce ta warke a rufewar farko.

Lissafin ba shi da wuya. Lokacin aikin lanƙwasar IEC ta yau da kullum shi ne 0.14 sau TMS, a raba da abin da ya rage idan an ɗaga ninkin karant zuwa ƙarfin 0.02 aka cire 1. A nan ninkin 52 a kan 40 ne, wato 1.3. Ɗaga 1.3 zuwa 0.02 na ba da 1.00526. A raba 0.14 da 0.00526 a sami 26.6, a ninka da 0.3 a sami sakan 8. Da matsalar babba ce, misali 400 A, ninki 10, da 51N ya yi aiki cikin ƙasa da sakan 1, ya faɗa cikin lokacin mantuwa, ƙidaya ta ci gaba, tsarin ya kulle kamar yadda aka tsara. Shi ya sa aibun ya daɗe a ɓoye: duk matsalolin baya masu ƙarfi ne. Sai da aka samu wadda ta ɗan haura saitin 51N kaɗan kafin ya bayyana.

To ina SEF, wadda aka sa musamman domin irin wannan ƙaramar matsala? Ta ji karant ɗin sarai, tunda 52 A ya ninka 8 A fiye da sau shida. Amma tana buƙatar sakan 10 a jere, 51N kuwa na kayar da bireka a sakan 8. Da bireka ta buɗe karant ya ɗauke, agogon SEF ya koma sifili. Sakan 2 ne suka rage mata a kowane zagaye, sau 120. Wannan shi ne sashen da ya fi tayar da hankali a lamarin, domin kariyar da za ta iya kawo ƙarshen abin tana nan, tana da lafiya, amma wata kariyar na riga ta kullum.

Kullen da aka gani a ƙarshe ma ba daga dabarar rile ya fito ba. Moton ɗaure sifirin na gajeren aiki ne, an yi shi ya yi 'yan sakanni ya huta. A nan ya yi sakan 8 cikin kowane 10 har minti 20, ya ƙone. Da sifirin bai ɗauru ba, makunnin iyaka da ke jere da kwayil ɗin rufewa ya zauna a buɗe, 79 ya ba da umarni bireka ba ta amsa ba, agogon gazawar rufewa ya cika, rile ya kulle. Mutuwar moto ce ta kashe layin. Da moton ya fi haka juriya, da abin ya ci gaba.

Rufewar hannu da ma'aikacin ya yi ta tono aibu na biyu. Ƙa'ida ita ce idan mutum ya rufe bireka a kan matsala, kada rile ya sake rufewa. Amma hanin sakan 5 ne, faɗuwar kuma ta zo a sakan 8, don haka kundin ya nuna 79 ya sake ba da umarnin rufewa. Rashin sifirin ne kawai ya hana.

Ɓarnar

Bakin haɗin birekar bai ci wuya sosai ba, domin katse 'yan ɗaruruwan amfiya ba komai ba ne ga bireka mai bakyum. Injinta ne ya sha aiki. A ma'aunin IEC 62271-100, bireka mai ajin M1 an gwada ta a kan aiki 2,000, mai M2 a kan 10,000. Aiki 120 kashi 6 cikin 100 ne na ajin M1, an cinye cikin minti 20.

Masu amfani da wuta sun fi jin jiki. Moto mai tashi kai tsaye na jan karant ninki 6 zuwa 7 a duk tashi, kuma manyan motoci 'yan tashi kaɗan aka yarda musu a awa guda. Duk wanda ba shi da kwantakta mai sakin kanta idan wuta ta ɗauke ya tashi sau 120. Kwamfiresan firji na son 'yan mintoci kafin ya sake tashi, a nan sakan 2 ya samu. Kowace taransifoma a kan layin ta sha karant ɗin kunnawa a duk zagaye.

Amma babban haɗarin na gindin falwaya. Karant 52 A ta cikin om 122 zafi ne na kusan kilowat 330, yawancinsa a ƙasar da ke kewaye da sandar. Wayar ƙasan falwayar da ƙarfen da ke samanta sun hau kusan 6 kV, kuma tsakanin ƙafafu biyu na wanda ya tako kusa akwai bambancin boltej da zai iya kisa. Kyakkyawan saiti zai bar wurin a haka na sakan 24, wato sakan 8 sau uku kafin kulle. Wannan ya bar shi na kimanin minti 16. Da waya ce ta tsinke ta kwanta a ƙasa, lissafin ɗaya ne.

Yadda aka kai ga sakan 5

Takardar saiti ta asali ta nuna sakan 30. An rage ne bayan koke cewa layin na yawan kullewa lokacin hadari. Koken gaskiya ne. Idan tsawa ta sauka sau uku cikin ɗan lokaci, kowacce kafin lokacin mantuwa ya cika, rile zai lissafa su a matsayin matsala ɗaya mai naci, ya kulle layi mai lafiya, sai an tura mutum. Gajarta lokacin na rage wannan. Sai dai wanda ya rage bai buɗe lanƙwasar 51N ya duba ba, kuma ba a maimaita gwajin tsarin gaba ɗaya bayan canjin ba.

Kura-kuran biyu ba nauyinsu ɗaya ba. Kullen da bai kamata ba na jawo awa ɗaya ko biyu babu wuta. Rashin kullen da ya kamata na iya cin rai. Duk inda aka rasa tabbas, a karkata wajen tsawo.

Akwai kuma ruɗani da ke yawan shiga tsakanin komawa sifili iri uku a allon kariya, kuma ya taka rawa a nan. Na farko shi ne lokacin mantuwa na 79. Na biyu shi ne yadda ita kanta kariya mai jinkiri ke komawa idan karant ya ɗauke. Tsohon rile mai faifai yana ɗaukar sakanni kafin faifan ya koma mazauninsa, don haka idan aka sake rufewa da wuri, faɗuwa ta biyu kan zo da sauri fiye da ta farko. Rilen zamani kuwa, in ba a sa masa jinkiri ba, nan take yake komawa, kowane zagaye ya fara daga farko. Wanda ya kwafi saitin tsohon rile zuwa sabo ba tare da lura da wannan ba ya canja halin tsarin bai sani ba. Na uku shi ne rilen kulle 86, wanda sai da hannu ake sake shi, kuma bakinsa na katse da'irar rufewa gaba ɗaya. Shi na matsalolin taransifoma da basba, wato ƙarfen da layukan tasha ke haɗuwa a kai, ne da makamantansu, inda ba a son kowa ya rufe kafin a duba. Kullen 79 daban ne, kuma a yawancin riloli yana sakuwa ne idan an rufe bireka da hannu ta zauna lafiya na wani lokaci.

Gyaran

An mai da lokacin mantuwa sakan 30. Ga dalilin adadin. A ɓangaren ƙasa, SEF ta sa iyaka: duk matsalar da ta haura 8 A ba za ta wuce sakan 10 ba. A ɓangaren 51, ninki 1.3 na ba da sakan 5.3, ninki 1.1 na ba da kusan sakan 15. Ɗaurin sifirin sakan 8 ne, hutun bireka sakan 15. Sakan 30 ya rufe duka da rara.

Amma tsayayyen adadi kaɗai bai isa ba, domin lanƙwasar na miƙewa ba iyaka yayin da karant ke kusantar saiti. Saboda haka aka ƙara sharaɗi a dabarar rile: muddin wata kariya ta ji matsala ta fara ƙirga, ko 51 ko 51N ko SEF, agogon mantuwa ba zai cika ba. Yawancin rilolin zamani na da wannan zaɓi. Da a kunne yake, ko da sakan 5 ɗin wannan lamari bai faru ba. Shi ne kuma amsar koken lokacin hadari: idan wata rana aka ga dole a rage sakan 30, da wannan sharaɗi za a iya saukowa zuwa 15 ko 20 ba tare da buɗe tsohuwar ƙofar ba. A tsohon allo mai rilolin ƙarfe, ana samun haka ta hanyar sa bakin haɗi na rilen jin matsala, wanda ke buɗewa idan ya ji karant, a jere da agogon mantuwa.

Hanin sake rufewa bayan rufewar hannu ya koma sakan 30. An kunna ƙidayar yawan faɗuwa: faɗuwa 10 cikin awa ɗaya ta kai rile kulle ko mene ne dalili. Wannan katanga ce ta ƙarshe, da tana nan da abin ya tsaya kafin minti 2. An sa wa SEF jinkirin komawa na sakan 3, ya ɗara jiran farko, domin ta riƙe abin da ta ƙirga idan bireka ta buɗe ta rufe. Da haka, a matsala irin wannan, za ta cike sakan 2 da suka rage mata bayan rufewar farko ta kulle. Kafin a yi hakan an duba cewa ba za ta riga kariyar da ke can ƙasan layi ba.

An ja waya daga makunnin da ke nuna sifirin ya ɗauru zuwa mashigar rile, yadda 79 ba zai ba da umarni ba sai bireka ta shirya, kuma idan bai ga alamar ba cikin sakan 20 ya kulle ya tura ƙararrawa. An sauya moton, aka sa masa agogon da ke katse shi idan ya zarce lokacin ɗauri. An kuma tabbatar cewa kariyar nan take mai babban saiti, wadda ke kallon kebul ɗin bakin tasha, tana hana sake rufewa, domin matsalar kebul ba ta wucewa, sake rufewa ƙara fasa shi kawai take yi. Jiran farko na sakan 2 an bar shi. A 11 kV iskar da tartsatsi ya ratsa na hucewa cikin kimanin sakan 0.2 zuwa 0.3, ragowar lokacin kuma na ba motocin masu amfani damar sauke boltej ɗin da ya rage a jikinsu.

A can kilomita na 14 an sauya insuleta, aka ƙara sandunan ƙasa. Ƙaramar turjiya a gindin falwaya na nufin babban karant, babban karant kuma na nufin faɗuwa da wuri.

Gwajin karɓa shi ne inda aka fi sakaci tun farko, don haka aka sake fasalinsa. Al'adar da aka saba ita ce a zuba wa rile karant ninki 5 ko 10, a ga ya faɗi sau uku ya kulle, a sa hannu. Irin wannan gwaji ba zai taɓa kama aibun nan ba. Yanzu ana yin cikakken jerin da ainihin birekar a matsayin gwaji, na'urar zuba karant na bin bakin 52a, wanda ke nuna ko bireka a rufe take ko a buɗe, yadda karant zai ɗauke idan ta buɗe ya dawo idan ta rufe, a ninki 1.1, 1.3, 2 da 10 na kowace kariya. A ninki 1.3 na 51N, da aka kashe SEF na ɗan lokaci domin a ga 79 shi kaɗai, jerin ya zo haka: faɗuwa a sakan 8, jira 2, faɗuwa bayan 8, jira 15, faɗuwa bayan 8, kulle. Jimla sakan 41. Da aka mai da SEF, kullen ya zo a sakan 12. Sannan aka gwada matsala mai wucewa, aka ga ƙidaya ta koma sifili sakan 30 bayan rufewa, aka gwada rufewar hannu a kan matsala, aka ga babu umarni na biyu. Daga ƙarshe aka sauke boltej ɗin moto zuwa kashi 85 cikin 100, mafi ƙarancin da ma'aunin IEC ya ce dole na'urar rufewa ta yi aiki a kansa, aka auna ɗaurin sifirin domin a tabbatar bai kai jira na biyu ba. Sauran layukan tashar da aka rage wa lokacin mantuwa a zama ɗaya da wannan, an kashe musu 79 har sai kowannensu ya bi ta wannan gwaji.